Injin Kitso Mai Hannu Takwas

Kitso na gada, kitso na ci, da shi na aurar da 'ya'yana. A tsakar gidanmu da ke Fagge, ƙarƙashin rumfar kwano, nan nake shimfiɗa tabarmata tun ina amarya har na zama kakar mutane. Boko ban yi ba. Allo na taɓa, na kai inda na kai, aka yi mini aure. Abin da na iya karantawa shi ne kai. In mace ta kwance ɗankwali, na san hannun da ya yi mata kitson baya, na san ko ta tashi daga jinya, na san ko shayarwa take.

To, tun kafin shekarar da nake ba da labarinta, hannu ya fara yi mini gardama. Babban yatsan dama ne ya soma, na hagu ya bi shi. Da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su lanƙwasa. Na shafa man zafi, na sha saiwa, na karɓi ƙwayar asibiti, suka ce sanyin ƙashi ne, kuma tafiya ce da ba ta komawa baya. Manyan kitso ina yi, ina cije baki. Ƙanana kuwa, gashin sai ya sulluɓe mini kamar na kama ruwa. Ban gaya wa kowa ba. In mace ta nemi ƙanana sai in ce suna cin goshi, in lallashe ta ta koma manya. Na san unguwarmu. Ranar da aka ce hannun wance ya mutu, ko ya tashi ba mai dawowa.

Ana cikin haka sai aka sa bikin autar aminiyata. Da ni da aminiyar nan, lungu ɗaya aka kawo mu aure, tare muka yi goyo, tare muka yi takaba. Yarinyar kuwa ni na yi mata kitson fari, tun gashin da ƙyar yake kamuwa. Ta zo da kanta ta durƙusa a bakin tabarma ta ce ƙanana take so, irin waɗanda na yi wa yayyenta, irin waɗanda ake wuni ana yi. Na dubi kanta, na dubi hannuna a cikin hijabi, na ce Allah ya kai mu. Ta tafi tana murna. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Akwai wata Madam, Ibo ce, mazauniyar Sabon Gari, tana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa. Duk Asabar takan aje mini 'yarta in gyara mata kai saboda coci. Wata Asabar yarinyar ta zo da littafi. Bangonsa ya yage, gefensa ya sha miya. Ta zauna tsakanin ƙafafuna tana buɗawa, ni kuma ina tsaga ina leƙe ta saman kanta, don ido ba ya zama wuri ɗaya.

A kowane shafi akwai hoton inji, a ƙarƙashinsa gajerun layukan rubutu. Na ga laima mai ƙafafu. Na ga wani abu kamar fanka a bakin kwano. Sai ta buɗe wani shafi, kibiyar tsaga ta tsaya a hannuna. Yarinya ce zaune a kujera, a bayanta inji, ƙafarsa irin ta keken ɗinki, samansa hannuwa takwas na ƙarfe, kowanne riƙe da silin gashi. Rabin kan an kitse shi ƙanana, reras. A jikin injin an ja 'yan kibau, kowace da lamba a bakinta.

Waɗannan kibau da lambobi su suka kama ni. Na san su. Lokacin da ɗana ya sayo injin markaɗe, irin takardar nan ce a cikin kwalin, hoto da kibau da lamba. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ma in sun dawo daga ƙasar Sin haka suke nuna wa mutane kaya a takarda kafin kayan su iso. Na ce a raina, ashe an yi shi. An yi na wanki, an yi na daka, an yi na ƙirga kuɗi, me zai hana a yi na kitso? Tsoro ya zo mini, don abin da zai ci sana'ata ne. Amma son sani ya fi tsoron yawa. Yaya yake gane inda tsaga ta karkata? Yaya yake sanin ya ja da yawa? In kuwa akwai shi, ni zan riƙa tsagawa, shi ya riƙa kamawa, amarya ta tashi da kanta, ba wanda ya ji labarin yatsuna.

Da Madam ta zo ɗaukar 'yarta na roƙi aron littafin. Ta ce in riƙe har wata Asabar, ta ɗauka jikokina zan nuna wa. Ban gyara mata zato ba. Jikokin nawa ma ban ba su su karanta mini ba, don in sun karanta sai sun tambaya, in sun tambaya sai uwarsu ta ji.

Ranar Litinin na naɗe littafin a daidai shafin, na sa a leda, na hau a-daidaita-sahu zuwa Kasuwar Sabon Gari. Na nufi layin masu kayan wuta.

Wanda bai san kasuwa ba, bari in gaya masa wani abu. Ɗan kasuwa ba ya cewa babu. Ni ma na san haka, na tsufa ina sayen zare da man kitso, amma ranar sai na manta, saboda abin da nake son ji ke nan. Na farko da na nuna wa, saurayi ne Bahaushe, ya dubi hoton a tsaitsaye ya ce, Hajiya zauna, bari a duba sito. Ya fita ya daɗe, ya dawo da injin busar da gashi, ya ce wannan ƙanensa ne, aikinsu kusan ɗaya. Na biyu ya ce ai jiya-jiya na ƙarshe ya fita. Na uku, wani Ibo mai ƙaton ciki, ya ce kayan suna kan ruwa, in dawo ƙarshen wata, har ya tambaye ni ja nake so ko shuɗi. Na tsaya na yi tunani da gaske, na ce shuɗi, don ja yana saurin nuna datti. Wani kuma ya taɓe baki ya ce wannan tsohon yayi ne, yanzu mai hannu goma ake kawowa.

Kowane shago na fita, injin sai ya ƙara zama gaskiya. Kafin azahar har na san inda zan aje shi a rumfata, na fara tunanin abin da zan rufe shi da shi saboda kaji. Ba wanda ya duba rubutun. Hoton suke kallo, su kalli jakata.

Wata mai sayar da gashin kanti ce ta karkatar da ni. Ta riƙe littafin ta juya shi, ta ce ita dai ba ta taɓa gani ba, amma ƙafar nan ta keken ɗinki ce, in je wurin tsohon da ke gyaran kekuna a bayan layin masu yadi, in ma ba a kawo ba shi zai san mai haɗawa.

Na same shi a wata 'yar rumfa, kawunan kekuna jere a ƙasa kamar awaki sun kwanta. Tsoho ne Ibo, furfura har gira, da ƙaramin gicciye a wuya. Hausarsa kuwa ta Kano ce tsantsa, a Sabon Gari aka haife shi. Muka gaisa, ya tambayi gida da jikoki, ya share mini benci. Na miƙa masa littafin na ce wannan nake nema, in babu a kasuwa ko zai iya haɗa mini.

Ya sa tabarau. Shi ne mutum na farko da ya sauke ido ƙasan hoton. Na ga leɓensa yana motsi, na ga kafaɗarsa ta fara rawa, sai ya yi tari ya danne. Ya juya shafi gaba, ya juya baya. Ya cire tabarau ya goge, ya dube ni ya ga ba wasa a fuskata.

Ya ce, "Hajiya, babu."

Na ce ya ƙare ke nan?

"Bai ƙare ba. Ba a taɓa yin sa ba. Wannan littafin waƙoƙin yara ne, na ban dariya. Wani ne ya zauna ya ƙirƙiro injinan da babu su, ya zana, ya yi wa kowanne waƙa."

Na sake duban hoton. Can na ce, to kibau da lambobin fa? Ya ce ai su ne wasan, an yi su ne don abin ya yi kama da gaske. Na ce ya karanta mini in ji da kunnena. Ya karanta da Turanci tukuna, na ji ƙarshen layukan suna faɗawa wuri ɗaya kamar taɓarya a turmi. Sannan ya juya mini da Hausa, a warwatse, yana neman kalma. Daga baya ni na tattara ta a bakina har ta zauna haka:

Na ƙera injin kitso,
Hannu takwas, kowanne tsaf.
Ya kitse kan ƙanwata,
Ya haɗa da gidan sauro kaf.
Kyanwa ta zo wucewa,
Ya kama wutsiyarta caraf.
Baba ya leƙo kallo,
Gemu ya shige ciki zaraf.
Ga mu a kitse gaba ɗaya,
Muna roƙo wuta ta ɗauke ɗif.

Ya nuna mini da yatsa. Ashe kyanwar tana nan a kusurwar hoton, wutsiyarta a hannu na bakwai, idanunta waje. Ga gemun ma yana shigowa ta taga. Kwana biyu ina kallon shafin nan, ban gan su ba. Kan yarinyar kawai nake gani.

Ban yi dariya ba a lokacin. Abin ya ɗaure mini kai ne. Na ce masa ni ma ina yi wa jikokina tatsuniya, kuma ƙarya ce, amma ƙarya mai sallama. Tana da lokacinta, tana da abin da ake faɗa a buɗe ta da abin da ake faɗa a rufe ta, don yaro ya san an shiga kuma an fito. Wannan kuwa da rana tsaka, a takarda, da lamba, ba gargaɗi. Wa zai gaya wa yaro cewa wasa ne?

Ya ce, "Yara sun sani, Hajiya. Mu manya ne muke tambayar nawa ne."

Na so in tashi, sai na fasa. Na ce tunda na zo, ya karanta mini na laimar. Laima ce mai bin yaro makaranta da ƙafarta, sai ta ga wata laima ta bi ta, yaron ya koma gida a jiƙe. Fankar bakin kwano kuwa injin huce koko ce, ta hura har kokon ya koma rufin ɗaki, aka ɗauko tsani aka karya kumallo a sama. Akwai takalmi mai neman ɗan'uwansa da kansa, ya fita nema cikin dare ya dawo da takalman unguwa duka. Akwai injin sosa baya da bai san inda baya ya ƙare ba. Ina ji ina tambaya. Na lura kowane inji aikin da aka sa shi yake yi, ba ya ƙi, ba ya lalaci, illarsa dai bai san ya isa ba. Na tambayi tsohon ko mai littafin ya taɓa yin na wanke-wanke, ya duba ya ce bai yi ba. Na ce da ya yi, da har mai wankin zai wanke ya kife a kwando. Nan ya saki dariyar da yake ta dannewa, har ya buge wani kan keke da gwiwa.

Muka koma kan na kitson, mu biyu, kamar masu shirin saye. Shi ya ce bel ɗin da aka zana ba zai juya hannu ko ɗaya ba, an ɗora shi a baibai. Ni na ce hannu takwas duk suna kitso, wa ya riƙe kan? Ya ce sai a ƙara na tara. Na ce da na goma mai dungure ƙeya in yarinya ta cika motsi. Ya ɗauki fensir ya zana su a jikin kwali, ya ja musu kibau, ya sa lamba.

Ya saya mini ruwan leda. Na karɓa, na kai baki na ciza, sai ledar ta kuɓuce daga yatsuna ta faɗi a ƙasa. Ya duba ledar, ya duba hannuna. Sai na ce, shi ya sa nake neman injin. Na gaya masa zancen yatsu, da amarya, da alkawari. Ban taɓa faɗa da baki ba sai ranar, kuma ga wanda ban sani ba, a gaban matattun kekuna.

Na tambaye shi tsakani da Allah, ko mai hannu biyu ba zai haɗu ba? Ya ce zai iya karɓar aikin ya yi ta ce mini gobe, jibi, har biki ya wuce, amma ba zai yi mini haka ba. Ƙarfe bai san zafi ba, ba zai ɗora shi a kan 'yar mutane ba. Ya ce in je in gaya wa uwar yarinya tun da sauran lokaci.

Daga kasuwa ban biya gida ba, gidan aminiyata na wuce. Na same ta tana tsince shinkafa. Na zauna na miƙa mata hannuwana biyu, na ce ta ce in dunƙule. Ta ce in dunƙule. Suka tsaya a rabi.

Na ɗauka za ta tausaya mini. Faɗa ta rufe ni da shi. Ta ce tun yaushe, na ce tun bara. Ta ce wato tun bara nake cin tuwo a gidanta ina ɓoye mata hannu kamar wata baƙuwa, da sai ranar kitso zan bar mata 'ya da rabin kai? Ta ce tsufa ya zo mini da wauta. Na bar ta ta gama, don tana da gaskiya. Da ta huce ta jawo hannun ta dudduba, ta ce to yanzu wa za a kira. Na ambaci wata matashiya a bayan layinmu, wadda na sha kushe kitsonta a gaban mutane. Aminiyata ta dube ni ta gefen ido ta ce ai sai in je in kira ta da bakina. Na je. Yarinyar ta yi mini kara, ba ta tuna mini komai ba.

Ranar Asabar na mayar wa 'yar Madam littafinta. Na buɗe mata shafin na tambaye ta, in babanta zai saya mata ɗaya a ciki, wanne take so. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko kaza tana da haƙori. Ta ce, "Mama, ai ba a sayarwa. Na dariya ne."

Ranar kitson amarya na tashi da wuri na gasa hannuna. Muka zauna a ɗakin uwarta, ƙawaye cike da gado suna ta surutu. Aka yi yadda muka shirya, ni in tsaga, matashiyar ta kama. Tsagar ba ta gagare ni ba, kibiya na dunƙula a tafin hannu ina ja a hankali, layi yana fita yadda nake so. Abin da ban shirya masa ba shi ne wurin zama. Mai kamawa ita ke zama a baya, kai a cinyarta yake kwanciya. Ni sai na koma gefe a kan 'yar kujera, ina miƙo hannu. Kan da na saba ji a gwiwata tun yana ƙamshin nono, ga shi a gwiwar wata.

Hannun yarinyar yana da sauri, kuma yana da kyau, ban hana ta haƙƙinta ba. Sai dai tana ja. Na ce ta sassauta a goshi, ta ce in an sassauta ba ya kwana biyu, na ce amarya ce ba buhu ba. Muka yi ta yi har ƙawaye suka raba mu. Wata a cikinsu ta tambayi dalilin da ya sa ba ni nake kitsawa ba. Kafin uwar ta buɗe baki na ce hannuna ne ya gaji, ya aje aiki. Na faɗa da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji, don kada a sha wahalar kai labarin.

Da la'asar saura sili ɗaya a ƙeya, can ƙasa inda gashi yake gajere. Amarya ta ɗaga hannu ta tsayar da matashiyar. Ba ta juyo ba, ta ce, "Inna, wannan naki ne."

Na ce zai karkace. Ta ce ya karkace.

Matashiyar ta tashi ta ba ni wurin. Na zauna, kan ya kwanta inda ya saba. Na raba silin uku. Ya kuɓuce, na sake kamawa, ya kuɓuce, na sake. Zafin yana hawa har gwiwar hannu, ina bin gashin a hankali, har na kai ƙarshe na murɗe bakin. Ya fito kauri, ya ɗan kwanta hagu, a cikin 'yan'uwansa kamar baƙo. Matashiyar ta miƙo hannu za ta gyara, amarya ta dafe ƙeyarta ta ce a bar shi. Uwar ta leƙo ta duba ta ce ai ɗankwali zai rufe, ta tashi ta je ɗora mini ruwan ɗumi.